Murfin Rijiyar da Na Zuba Ranar Asabar

Ku da kuke zuwa wurina kuna cewa a koya muku gini cikin wata uku, na san abin da kuke gani. Kuna ganin mutum ya juye siminti a kan yashi, ya zuba ruwa, ya juya da cebur, ya ɗora bulo a kan bulo. Duk mai hannu biyu zai iya wannan. Abin da ba ku gani shi ne aikin da ke farawa bayan an wanke cebur, kuma a nan ne ake gane birkila. Sunana Iliya, daga wata unguwa a gefen Ruwan Godiya. Firamare na gama, ban wuce nan ba, don haka zan faɗi abin yadda na san shi.

Aikin farko da aka sa ni ginin ajin makaranta ne a Faskari, a shekarun da kuɗin mai ya shigo, ana ta gina firamare a ƙauyuka. Maigidana Malam Garba da ginin ƙasa ya fara, daga baya ya koyi siminti a wurin ma'aikatan hanya. Wata shida bai bari na taɓa cokalin gini ba. Aikina ɗaukar kwanon sarki, wanda ake jidar yashi da kwaɓi da shi, da ban ruwa: in bi bulo da aka buga, layi layi, in jiƙa shi safe da rana da yamma. Wata rana na gaji, na tsallake layin ƙarshe na jikin katanga, ina ganin wa zai sani. Bayan kwana huɗu Malam Garba ya nufi layin nan kai tsaye, ya ɗauki bulo ɗaya, ya danna kusurwarsa da babban yatsa. Ta marmashe. Ya kama hannuna ya zuba mini garin a tafi.

Ya ce, "Ginin ƙasa rana yake so. Siminti kuwa ba bushewa yake yi ba, sha yake yi. In ka hana shi ruwa a kwanakin farko, ko ka ba shi kogi daga baya ba zai karɓa ba."

Da ya sallame ni ya ba ni cokali ɗaya da bakinsa ya cinye, da igiyar awo, da guduma. Filam, wato ma'aunin da ke nuna ko gini ya miƙe, da cebur biyu ni na saya a Funtuwa. Har yau ba na yarda da filam sai na juya shi na sake aunawa, kuma ba na yarda da yashi sai na dunƙula shi a hannu na ga ko zai bar mini laka. Abokan aiki suna cewa na cika duba abu sau uku. Gaskiya ne. Na taɓa komawa Kankara daga rabin hanyar gida don ban tabbata na rufe buhun siminti ba. Na tarar na rufe.

Masu ba da aiki a lokacin sauri suke so. Wani Alhaji a Sabuwa, ɗan kwangila, na yi masa zaure da daɓen siminti, ya tsaya yana kallona ina yayyafa ruwa kwana na uku, ya ce, "Malam Iliya, gero ka shuka a ciki?" Kusan duk haka suke. Sun yarda siminti yana cin ruwa lokacin kwaɓi, amma a zuba ruwa a kan abin da ya riga ya zama dutse, wannan a wurinsu ɓarna ce.

Abu na biyu da suka sani a kaina shi ne Lahadi. Gidanmu na masu addinin gargajiya ne. A wurin tsohona akwai ranakun da ba a kai ƙarfe gona, in ka kai kuma maciji ya sare ka, ko fartanya ta raba maka yatsa, ba wanda zai tambayi dalili. Ina saurayi wani mai bishara, Malam Ishaya, ya zauna a unguwarmu, na bi hanyar Almasihu a hannunsa. Ya koya mana cewa Lahadi ranar Ubangiji ce, a ajiye aiki a zo sujada. Ni kuwa na riƙe abin da ƙarfi fiye da kowa. Asabar da yamma in wanke kayan aiki, in ɗaure su a buhu, in tura bayan rumbu. Ranar Lahadi ko buhun ba na taɓawa. In na ga ƙusa a tsakar gida sai in kewaye ta.

To, ban ruwa bai san Lahadi ba, kankare yana bukatar mako guda a jiƙe. Dabarar da na yi ita ce fangali. In kankare ya kwana ya kama jikinsa, sai in kewaye shi da ɗan bangon laka kamar na lambu, in cika da ruwa ranar Asabar, ya wuni Lahadi yana sha ba tare da ni ba. Amma wanda aka zuba yau ba ya ɗaukar fangali, ruwan zai wanke fuskarsa. Saboda haka na sa wa kaina doka: ba na zuba kankare bayan Alhamis. Shekara shida ban karya ta ba.

Aikin da na karya ta a kansa murfin rijiya ne, a wani ƙauye ta wajen Mairuwa, tafiyar sa'a ɗaya da rabi a keke daga gidana. Shekarar ce siminti ya yi wuya, ana jin labarinsa ba a ganinsa, wanda ya iso kuma ya daɗe a hanya har ya fara dunƙulewa. Rijiyar ita kaɗai ce a garin, tana da zurfi ƙwarai, bakinta gumagumai ne da suka ruɓe. Mai unguwa, wani dattijo mai gajeren haƙuri, ya yi ta zirga-zirga har aka ba su buhu huɗu da 'yan roduna. Na zo Litinin na cire gumaguman, na gyara bakin, na shimfiɗa katako a kan ramin, na ɗaure rodi, na bar ƙofar guga a tsakiya. Daga ranar aka hana ɗiban ruwa. Mata suka koma rafi, wanda a bazarar nan yashi ne kawai, sai an tona an jira ya tsattsafo, kuma akwai nisa.

Simintin kansa bai iso garin ba tukuna, an ce zai zo Talata. Bai zo ba sai Asabar da hantsi, a kan amalanken shanu.

Na ce wa mai unguwa, "Baba, a bari sai Litinin."

Ya ce, "Kwana nawa matanmu suna tahiya rahi?"

"Shida."

"Ka zuba yau su ƙara nawa?"

"Bakwai, kafin a taka shi."

"Ka bari Litinin kuma tara. Malam Iliya, kai matarka a ina take ɗibar ruwa?"

Na yi masa bayanin ban ruwa, na ce gobe Lahadi ce ba zan zo ba, kuma wannan simintin ya riga ya raunana, ba zai jure ƙishi ba. Ya ce in dai ruwa ne a bar masa. Maza suna tsaye da cebur a hannu, mata sun kawo ruwan kwaɓi tun safe sun cika ganga biyu. Na fasa buhun farko, na murje dunƙulen da hannu, na zubar da waɗanda suka ƙi murjewa. Muka kwaɓa, muka zuba, na bi da sanda ina caccakawa don kada iska ta ɓuya a jikin rodi. Da la'asar na shafe fuskarsa. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Na shimfiɗa masa buhunan simintin da muka juye da 'yar ciyawa, iyakar abin da na samu ke nan.

Kafin in hau keke na sake cewa, "Baba, da sassafe garwa huɗu. Kafin azahar huɗu. Da yamma huɗu. A yayyafa, kada a kwarara."

Ya ce, "To."

Na san irin wannan "to". Na kuma duba gangunan, duka biyu babu ko ɗigo. Garwa goma sha biyu daga rafin nan aikin mata shida ne na wuni guda, kuma za a ce musu su zubar a kan dutse yara suna neman na sha. Tun a hanya na san ba za a yi ba. Wani abu kuma ya tsaya mini: aikin da ni ba zan taɓa ba don ranar tana da tsarki, na ɗora wa wani. Na yi ta juya wannan har gida ban ga bakinsa ba. Na wanke kaya, na ɗaure, na tura bayan rumbu.

Lahadi ta waye ba ko gajimare. Tun rana ba ta ɗaga ba iska mai zafi ta fara kaɗawa, irin wadda ke busar da wanki kafin a gama shanya. Na fita bayan gida na taɓa wani dutse, ya riga ya yi ɗumi. Na dawo. Na sake fita na taɓa. Matata Saratu ta ce, "Me ka ajiye a wurin dutsen nan?" Na ce ba komai. Keke yana jingine a zaure, da na hau a lokacin da na isa kafin hantsi. Na sa rigar sujada na tafi majami'a.

Majami'armu ɗaki ne na ƙasa da rufin kwano. Ina zaune a benci na biyu kwanon ya fara ƙara yana buɗewa saboda zafi, kowace ƙara kuma ina ganin fuskar kankaren nan tana fari. Na san yadda mata suke jan guga: su biyar, su shida, ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, jiki ya koma baya, wata da goyo. Duk nauyin a gefen ƙofar yake sauka. An yi waƙa, an yi karatu, an yi wa'azi, ban riƙe kalma ɗaya ba. Inuwar taga tana ta janyewa daga bango zuwa ƙasa. Sai da rana ta kai tsaka aka tashi.

Malam Ishaya ya tare ni a bakin ƙofa. Ya tsufa a lokacin, yana dogara sanda.

Ya ce, "Iliya, yau bencin ne ke da kuɗin cizo, ko wa'azin?"

Na faɗa masa duka, ban rage ba. Ya saurara har na gama.

"Tun yaushe ka san ba za su zuba ba?"

"Tun jiya, Malam."

"Ka zauna a gabana tun safe ina ta magana, ba ka ɗaga hannu ba?"

"Ranar Ubangiji ce. Ku kuka koya mana."

"In ka je ka zuba ruwan, me kake jin zai same ka?"

Na faɗi gaskiya. Na ce ina jin zan faɗa rijiyar, ko hannu ya shanye, ko wani abu ya sami yara.

Ya buga sandarsa a ƙasa a hankali. Ya ce, "Wannan ranar gidan tsohonka ce, ka ɗauko ta ka sa mata sabon suna. Ranar Ubangiji ba ta sara, ba ta ɗaukar fansa. Muna ajiye kaya ne don Allah ya gama aikinsa ya huta, ya kuma ba mu hutun kyauta, har da lebura da jaki. Muna taruwa yau ne don yau Almasihu ya tashi daga matattu. Ranar rai ce. Ka ajiye cokali don ka tuna ba hannunka ne ke riƙe da kai ba. Amma ka ajiye shi don ka tsira, matar wani ta rufta da goyo, wannan ba hutu ka yi ba, ɓuya ka yi."

Na ce, "To in an fara haka, Malam, kowace Lahadi za a sami dalili."

"Za a samu. Alhaji zai ce shagonsa, kai ma za ka ce damina ta matso. Waɗannan ka ce musu a'a kamar yadda ka saba. Wannan daban ne, kai ma ka sani, shi ya sa ka kasa zama. Shiga gidana ka ce a ba ka garwa biyu. Tafi, kana tsaye rana tana aiki."

Na ɗaure garwa biyu a bayan keke, na cika su a rijiyarmu, na tafi da rigar sujada a jikina. Rabin ruwan ya zube a hanya. Na isa an daɗe da idar da azahar, garin shiru, kowa yana inuwa.

Iska ta kwashe ciyawar, buhunan sun tattare a gefe guda. Kankaren ya yi fari fat, da na ɗora tafi sai da na janye. A gefe ɗaya akwai wani tabo mai duhu kamar faɗin faifai, inda aka juye buta ɗaya da safe, don dai a cika alkawari. Na durƙusa na bi bakin ƙofar guga da ido. Tsaga uku, kowace ta tashi daga ƙofa ta nufi gefe, sirara kamar zare. Na karyo tsinken tsintsiya na sa a ta farko. Ya shige, ya ci gaba da shigewa. Na karce fuskar da farce, gari ya taso.

Duk da haka na yayyafa abin da na kawo, ya shanye shi yana huci. Na ɗauki garwa na nufi rafi. Sau biyar na je na dawo kafin rana ta faɗi. A rafin mata suna zaune a bakin ramuka suna jiran ruwa ya taru, wata tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Malam Iliya, yau ba Lahadi ba ce?"

"Ita ce, Iya."

"Ko an ɗage muku ita?"

Matan suka yi dariya. Ta matsa ta bar mini raminta, ta ce in ɗiba, tun da dutsen ya fi su ƙishi.

A garin na kwana. Da safiyar Litinin na sake dubawa, tsagar ba ta rufe ba, ba kuma za ta rufe ba. Mai unguwa ya zo da maza, na nuna masa. Ya duƙa ya duba, ya miƙe.

Ya ce, "Wannan 'yar tsaga? Akwai sauran rabin buhu. Shafa mashi, ta ɓace."

"Za ta ɓace a ido, Baba. Tana nan a ciki."

"Ba rodi ka sa ba?"

"Rodi yana riƙe kankare mai ƙarfi ne. Wannan ba shi da ƙarfi. Zai yi wata uku, ko shekara, ban sani ba. Ranar da zai tafi kuwa akwai mutane a kansa."

"To mi kake so a yi?"

"A fasa."

Wani a baya ya ce buhu huɗun nan wata biyar aka yi ana nemansu. Wani ya ce ni na ɓata, yanzu ina so in ɓoye. Wani ya matso ya tsaya tsakanina da rijiyar. Na san birkiloli da yawa da za su shafa su tafi, kuma ba wanda zai zarge su sai bayan sun yi nisa. Na roƙi a ara mini guduma, don tawa tana bayan rumbu a gida. Maƙerin garin ya kawo tasa. Na ce wa mai unguwa shi ya buga da hannunsa, a gefen ƙofa, bugu ɗaya, ba da ƙarfi ba. In bai fashe ba zan shafa in tafi.

Ya karɓa, ya buga. Gefen ya ɓalle kamar ƙuli-ƙuli, guntun ya bi ta ƙofa, muka tsaya muna saurare har muka ji ya taɓa ruwa can ƙasa. Rodi ya fito tsirara, ko siminti bai manne masa ba.

Mai unguwa ya ajiye gudumar. Sannan ya ce, "Addininka ya jawo mana wannan."

Na ce, "A'a, Baba. Addinina bai hana ni ba. Ni ne ban tambaya ba sai da rana ta raba. Kuma ni na yarda na zuba ranar Asabar, na san abin da zai biyo."

Bai ce komai a kan buta ɗayar nan da aka juye wa kankaren ba, ni ma ban ce ba. Muka fasa shi a ranar, a hankali, muna janye gutsattsarin kada su cika rijiya. Aka saro sababbin gumagumai aka mayar, da la'asar mata suka dawo ɗiban ruwa.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Labari ya bazu cewa Iliya ya zuba murfi ya fashe cikin kwana biyu, ba wanda ya ƙara da sauran bayanin. Aikin da aka yi mini alkawari a Mabai aka ba wani. Na yi damina ina noma, da ɗan facin daɓe in an kira ni. Kayan aiki sun fi zama a bayan rumbu fiye da hannuna.

Bayan kaka mai unguwa ya aiko. Sun sake samun buhu huɗu, masu kyau wannan karon. Na yi mamaki da ya neme ni, na kuma tambaye shi. Ya ce wani birkila ya zo ya ce zai gama a wuni ɗaya ba sai an jiƙa ba, sai ya sallame shi. Na zuba ranar Talata. Laraba na yi fangali na cika shi, na kwana a garin ina ƙarawa safe da yamma. Asabar da la'asar ina tsaye ina duba bangon lakar, inda nake jin zai iya yoyo, na ce wa mai unguwa gobe zan zo da sassafe in duba, in koma kafin a shiga sujada.

Ya ce, "Kada in gan ka."

"Baba, in lakar ta tsage..."

"In ta tsage muna da laka. Ka nuna mana sau goma, har tsofaffi sun haddace. Tahi ka yi Lahadinka."

Na tafi. Na yi sujada, na ji wa'azin daga farko har ƙarshe, na ci abinci, na kwanta a inuwa. Litinin kafin rana ta fito ina bakin rijiyar. An ƙara wa bangon laka a wuri biyu, da shatin yatsun da ba nawa ba. Na durƙusa na sa yatsa a ruwan. Ya kai gaɓa biyu.